Yaren Zipora

"Sake faɗa, Maman Dickson, ban ji ba," in ji Binta. Ta ajiye kofin kunu, ta kai kunnenta kusa da bakin maƙwabciyarta.

Zipora ta sake faɗa. Maganar ta fito sarai, amma babu kalma ɗaya da Binta ta sani.

Tun suna amare katanga ɗaya ce tsakaninsu a tsohon kwatas ɗin reluwe na Kafanchan. Marigayi Azariya, mai gyaran layin dogo, daga wani ƙauye a duwatsun Mubi ya auro Zipora, ba ta jin Hausa ko ta sayen gishiri. A bakin Binta ta koya, wajen wanki da daka. Mazansu suka rasu, 'ya'ya suka watse, aka bar su su biyu. Da ciwon daji ya ci ƙarfin Zipora, asibiti suka ce a mayar da ita gida, Binta ce mai yi mata wanka da juya ta. Yau kuma an wayi gari Hausar ta ɓace mata ƙaf.

Binta ta buga wa Dickson waya a Fatakwal.

"Mama, ni ba na jin yaren nan," ya ce. "Ba ta koya mana ba. Oga ya ce sai Asabar zai sake ni."

Da hantsi matan zumunta na cocin su Zipora suka zo da addu'a da waƙa. Wannan ta gwada yaren Jaba, waccan ta gwada na Bajju, Zipora tana binsu da ido kawai. Sai shugabarsu, Faustina, ta tuna da wata nas a Kwoi mai suna Selina, 'yar yankin Mubi. Aka kira ta, aka ɗora wayar a kan matashin kai.

Selina na yin gaisuwa fuskar Zipora ta sake. Ta yi ta zuba magana da sauri, da wata siririyar murya irin ta yarinya.

"Me ta ce, 'yata?" Binta ta tambaya.

Selina ta amsa, "Mama, ta ce mamarta ta tafi rafi ta bar ta da baƙi. Tana tambaya wace ce wannan da ta riƙe mata hannu."

Binta ta dubi hannun nasu.

"Ki ce mata Binta ce."

Selina ta faɗa. Zipora ta ƙura wa Binta ido, ta daɗe, sannan ta yi magana a hankali.

"Ta ce ba ta san ki ba, amma hannunki da ɗumi. Wai don Allah kada ki tafi sai mamarta ta dawo."

"Ki ce mata ina nan."

Matan suka koma gidajensu. Aka kira azahar, Binta ba ta tashi ba, tana fifita ta da hannu ɗaya. Kafin la'asar yatsun suka saki nata. Ita ta rufe mata ido, ta ja zane ta lulluɓe ta, sannan ta fita ta yi alwala.

Ranar jana'iza ta zauna a bencin baya na cocin da hijabinta, har aka gama. Washegari Dickson ya durƙusa ya yi mata godiya, ya sa kwaɗo a ƙofa, ya hau acaɓa zuwa tasha.

Da yamma kajin Zipora suka dawo daga kiwo, suka taru a bakin ƙofar da ke kulle suna ta miƙa wuya. Binta ta tsaya tana kallonsu. Can ta shiga ɗaki ta ɗebo dawa a tafin hannu, ta buɗe tata ƙofar, ta fara watsawa daga dokin ƙofa zuwa ciki.