Ranar da Aka Rufe wa Elam Ruwa

Tun kakansa na da rai doka ɗaya ce a gidan niƙan Elam Yow: wanda ya riga zuwa shi ake fara niƙa wa. Ba a rubuta ta a jikin komai ba. Mutum zai sauke buhun masararsa daga bayan alfadari, ya jingina shi da bango bayan na wanda ya tarar, ya koma gindin bishiya ya zauna. Buhun ne ke riƙe masa layi. Ko fasto ne ko alƙali, haka yake yi.

Gidan niƙan yana bakin rafin Tolliver, a tuddan Karolina ta Arewa, a ƙasar Amurka. Ruwa ne ke biyo magudana ya zubo kan wata babbar ƙafa ta katako mai juyawa kamar ta keke, ita kuma ta juya dutsen niƙa. Da, ruwan ba na kowa ba ne. Amma shekara huɗu ke nan da wani kamfani ya gina masaƙar auduga can sama da shi, ya datse rafin. Tun daga nan ruwan Elam sai ya bi ta wata ƙofar ƙarfe a madatsar kamfanin, mabuɗinta kuma yana aljihun manajansu, Mista Pell.

Wata Asabar da hantsi, buhu bakwai na jingine da bango. Na farko a layi bai ma kai rabin buhu ba. Na Inna Dicey ne, wata tsohuwa da aka haifa cikin bauta, ta tsufa cikin 'yanci, wadda ta ɗauko shi a ka tun daga ƙetaren tudu. Elam na ɗaure bakin buhun da ya gama sai ga keken dawaki na kamfani, an loda shi har yana nishi. Wani ma'aikacin kamfanin mai suna Lum ne ke tuƙi, Mista Pell na biye a kan dokinsa.

"Kawu Elam!" in ji Lum. "Na kawo maka aikin da zai hana ka gyangyaɗi. Buhu talatin."

"Ni da gyangyaɗi? Kai ne dai dawakinka suka san hanya, da tuni ka kwana a kwazazzabo. Jera su can, bayan na Brower, shi ne na ƙarshe a layi."

Mista Pell bai sauko ba. Daga kan sirdi ya ce, "Ba wani jerawa. Yanzu za a niƙa. Kantin ma'aikata ba gari ko na gobe, mutum ɗari biyu ke ci daga can."

Elam ya goge hannunsa a jikin wando, duk da cewa wandon ya fi hannun fari. "Sannu da zuwa, Yallaɓai. Mutum bakwai ne a gabanka. In dutse bai yi gardama ba, da la'asar zan fara naka."

"Ba ka ji ni ba ne?"

"Na ji ka sarai. Kunnena ɗaya ne ya mutu, ba biyun ba."

Aka yi 'yar dariya a gindin bishiya, aka kuma haɗiye ta da sauri. Mista Pell ya nuna ɗan buhun da bulalarsa. "Saboda wannan tsumman za ka tsayar da masaƙa guda?"

Inna Dicey ta cire lofenta daga baki. "Tsumman nan ya riga ka tashi yau, ɗan nan."

Wuyan manajan ya yi ja. Ya dubi Elam, ya yi magana a hankali, yadda kowa zai ji. "Ruwan da ke juya maka dutsen nan ta ƙofata yake wucewa. Ko ka ɗora masarata yanzu, ko na rufe ta. In na rufe kuwa, sai ka nemi iska ta juya maka."

Elam ya san ba cika baki ba ne. Ba shi da takarda a kan ruwan nan, alkawarin baka ne kawai. Gona ba shi da ita, wata sana'a bai iya ba. Shekararsa sittin da ɗaya, kuma tun yana ɗan goma sha biyu ƙarar dutsen nan yake ji. Ya dubi ƙafar katakon tana juyawa, ruwa na tsiyaya daga jikinta. Ya dubi buhunan da ke bango.

Brower, manomin da ke ƙarshen layi, ya matso kusa da shi. "Kawu, ka yi masa ko buhu biyar ne, ya huce. Mu za mu jira. Ba wanda zai ga laifinka."

"Yau biyar," in ji Elam. "Asabar mai zuwa fa? Kai da kanka za ka riƙa zuwa da asuba kana komawa da masararka yadda ka kawo ta." Ya ɗaga murya. "Inna Dicey, gari ko tsaki?"

"Gari, mai laushi. Haƙoran sun yi tafiya."

Ya sunkuya ya ɗauki ɗan buhun. Mista Pell ya juya dokinsa ya yi sama a guje.

Elam ya san lissafin ruwansa kamar yadda ya san ciwon gwiwarsa. Kafin doki ya kai madatsa, a rufe ƙofa, ruwan da ke cikin magudana ya ƙare, akwai abin da zai niƙa ƙaramin buhu ɗaya, in an bi a hankali. Bai yi gaggawa ba. Ya juye masarar, ya rage tazarar duwatsun, ya tara hannu a bakin da gari ke fitowa, ya murza tsakanin yatsu. Da ɗan kaushi. Ya ƙara matse dutsen kaɗan, ya sake murzawa.

"Kai da ruwa ke ƙare maka, tsayawa kake kana shafa gari kamar kumatun jariri?" in ji Lum daga bakin ƙofa.

"Mai laushi ta ce."

Can ƙarar ta fara sauyawa. Ƙafar ta soma jan jiki, ta yi juyi ɗaya, ta tsaya kamar mai tunani, ta ƙara rabin juyi. Elam ya share ƙwayoyin ƙarshe da tafin hannu ya tura su ciki, sannan ya ɗaga dutsen sama don kada ya ci ɗan'uwansa. Shiru ya sauka. Bai taɓa jin kukan tsuntsaye daga cikin ɗakin nan da rana ba sai ranar.

Ya ɗaure buhun ya ɗora wa tsohuwar a ka. Ta tsaya tana dubansa.

"Elam, ka ja wa kanka."

"Ki gaida gida, Inna. Ki bi ta gada, dutsen mashigi na da santsi."

Sauran mutanen suka miƙe. Elam ya zaci kowa zai ɗauki kayansa ya nufi wani gidan niƙan, wanda yake tafiyar yini guda. Brower ya je ya dafa buhunsa, ya gyara masa zama a jikin bango, ya hau alfadarinsa ba komai a baya. Sauran ma haka. Lum ya sosa ƙeya, ya ce shi dai ba a ce masa ya mayar da kaya ba. Ya sauke buhu talatin, ya jera su a bayan na Brower.

Kwana tara ba ruwa. Magudana ta bushe, katakon ƙafar ya fara tsagewa a rana, Elam ya riƙa ɗebo ruwa a bokiti yana watsa mata. Matarsa Orpha ta daina yi masa magana kwana biyu, a na uku ta ɗauki nata bokitin ta bi shi. Da ya rasa abin yi sai ya kifar da dutsen sama, ya zauna da guduma yana sake fito masa da haƙora, kamar mai tabbacin gobe akwai aiki. Tabbacin kuwa ba shi da shi.

A rana ta goma, da safe, yana shan kofi a bakin ƙofa, ya ji katako ya yi ƙara. Ruwa ne, ja, ɗauke da ganye da ƙasa. Bai jima ba sai ga Lum a ƙafa, yana haki.

"Matan ɗakin kaɗin zare na masaƙa ne suka sa aka buɗe ƙofar," in ji shi. "Kwana da kwanaki suna cin wake ba gurasa. Yau suka shiga, kowacce ta zauna a gaban injinta ta naɗe hannu. Suka ce zare ba ya kaɗuwa da yunwa. Har da matata, Kawu, ita da ko kaza ba ta iya kora!"

Elam ya kurɓe sauran kofinsa. Ya ajiye kofin, ya shiga ya ɗauki buhun da ke farkon layi.

Da azahar Mista Pell ya iso. Wannan karon ya sauko daga doki. Ya tsaya a bakin ƙofa, ƙurar gari na sauka a kan baƙar rigarsa.

"Kada ka ɗauka ka ci nasara, tsoho. Na aika birni. Kafin baɗi zan kafa injin niƙa mai aiki da tururi a cikin masaƙa. Ba ruwana da kai, ba ruwana da rafinka. Rabin mutanen nan ma can za su koma."

Elam ya san gaskiya ya faɗa. Ya murza gari a yatsunsa, ya sassauta dutsen kaɗan.

"Allah ya kai mu baɗin, Yallaɓai," ya ce. "Yau dai saura mutum biyu a gabanka. Akwai benci a gindin bishiya."