Shafin Rigar Sarkin Biki

Mientje na durƙushe tana kafa allurai a gefen jar rigar sarkin biki, sai mai rigar, Sjef Dassen, shugaban kwamitin bikin garin, ya yi gyaran murya.

"Mien, kwamiti ya zauna jiya. Bana wata za ta ɗinka kayan yara."

Ta zare allurar da ke bakinta. "Tun kana majina nake wa yaran garin nan ɗinki. Me na yi?"

Ya miƙo mata wayarsa yana kallon rufi. Labarin batsa ne wani ya rubuta a intanet, ci gaban wani tsohon fim na batsa game da mutumin daji da baturiyar da ta ɓata a kurmi. Ga hoton baturiyar daga fim ɗin, an sa mata suna Mientje Houben.

Ta san fim ɗin. Tana budurwa ta yi aikin, a wani ɗakin rainon furanni da aka mayar kurmin ƙarya. Ita ta ɗinka bantunan damisa, ko kyamara ba ta taɓa kallonta ba. Kowa a wurin ya ari suna, har mai kawo shayi. Ita kaɗai, don jin daɗin ɗinkinta ya yi kyau, ta ce a rubuta nata na gaskiya a ƙarshen fim. Masu bin diddigi suka tarar sunanta ne kawai ke da mai shi, suka liƙa wa jarumar.

"Ba ni ba ce, Sjef. Dubi hancinta mana!"

"Ni na sani. Iyayen yara ne ba su sani ba. Mu ba ma son abin da ya taɓa wannan ƙazantar ya raɓi bikinmu."

Waɗanda suka tuɓe suna can cikin mutunci da jikokinsu, ita da ta suturta su ce aka kora.

"Amma tawa rigar ki ƙarasa," in ji shi. "Asabar zan hau motar zagayen gari da ita."

Ta ɗaga gefen rigar ta dubi shafin ciki, yadi mai ɗigon damisa, wanda ya yaba a makon jiya har yana shafawa. Ragowar bantunan ne, yadi mai kyau, ba ta taɓa iya zubarwa ba.

Ta sake shi, ta mayar da allurar bakinta.

"Tsaya sosai," ta ce. "Duk gari zai gan ka."