Ranar da Noel Ya Sari Matarsa

Duk cikin ƙungiyar masu koyon takobi ta garin Ballarat, Glenys Pascoe ba ta shakkar kowa sai mijinta Noel. Ba wai don ya fi kowa iya sara ba ne. Matsalarsa ita ce ba ya saranta.

Ita ta fara shiga ƙungiyar, bayan ta yi ritaya daga girki a makarantar firamare. Wata Asabar ta kai kek zauren coci, sai ta tarar da mutane sanye da kwalkwali suna gwabzawa da dogayen takubba marasa kaifi, irin faɗan Jamusawan da. Ta ajiye kek ɗin ta ce a ba ta takobi ɗaya. Noel kuwa da farko aikinsa kawo ta ne da mota. Da zaman jira ya ishe shi sai shi ma ya shigo, kuma abin haushi ya riga ta ƙwarewa, don Allah Ya ba shi dogon hannu. Tun bara ya karɓi jar ɗamara.

Jar ɗamarar nan ba a banza ake samunta ba. Mai nemanta sai ya fafata da kowa a ƙungiyar, ɗaya bayan ɗaya, ba hutu sai kurɓar ruwa. Ba a ce lallai ya cinye su ba, ana iya jibgarsa son rai kuma ya ci gwajin. Doka ɗaya ce: kowa ya zo masa da gaske. Idan Malam Dermot, mai koyar da su, ya ga wani ya sassauta hannu, gwaji ya ɓaci, sai baɗi. Glenys kuma ba ta da baɗi. Likita ya riga ya sa ranar da zai yi mata aiki a kafaɗa, ya ce bayan nan ita da takobi sai dai kallo.

Ranar gwajinta, a mota ta ja masa kunne.

"Tsoho, ka ji ni da kyau. In ka zo kana shafa min takobi kamar mai shafa man shanu a burodi, a gareji za ka kwana."

"Haba, Glen. Ni da ban taɓa raga miki ba."

"Wa kake yi wa ƙarya? Har kwalkwalinka kunya yake ji."

Sanyin Yuli, tsakiyar hunturun ƙasar, ya cika zauren, amma kafin ta gama da mutum na uku gumi ya jiƙa mata riga sharkaf. Wata malamar jinya ta ƙwala mata a hannu. Wani mai gyaran famfo ya soke ta a ƙirji har ta ja da baya, ita kuma ta rama masa a ka, zauren ya ɗauki tafi. Kafaɗa na zogi, numfashi na fita da ƙyar, amma daɗi take ji, don kowa ya ba ta haƙƙinta.

Sai Malam Dermot ya ce, "Saura kai, Noel."

Noel ya fito yana jan ƙafa. Ya ɗaga takobi, ya kawo wani sara sanyi-sanyi wanda ko ƙuda ba zai kora ba, ya bar kansa a buɗe. Glenys ta ga ƙofar, ta ƙi shiga. Ya sake kawo wani, ya tsaya da shi a iska kafin ya isa. Ta saci kallon Malam Dermot, ta ga ya daina murmushi, ya fara ɗaga sandar da yake tsayar da faɗa da ita. In ya gama ɗaga ta, gwaji ya ɓaci ke nan.

Ta matsa ta haɗa takobinta da na Noel, ƙarfe ya manne da ƙarfe, har ragar kwalkwalinsu ta kusa gogar juna. Ta cikin ragar ta hango idanunsa sun yi ja.

"Kafaɗarki fa," in ji shi a hankali. "Ina ganin yadda kike riƙe ta."

"Kafaɗata ce ko taka?"

"Glen, ba zan iya ba."

"Noel, tunda muka yi aure, in na ƙona nama kana faɗa min na ƙona. Shi ya sa in ka ce ya yi daɗi nake yarda. Mutanen nan duk sun ɗauke ni mai takobi. Kai kaɗai ka ɗauke ni tsohuwa."

Ta ture shi, ta ja da baya, ta gyara tsayuwa.

Noel ya ɗaga kai ya dube ta. Sannan ya sauke kafaɗunsa, ya kai takobi gefen kunne, irin tsayuwar da yake yi wa samarin ƙungiyar. Glenys ba ta taɓa ganinta ta gaba ba. Ashe haka mutumin nan yake da ban tsoro.

Saran farko ta kare, hannunta ya girgiza har gwiwa. Na biyu ta kauce, ta ɗan lashe shi a damtse. Na ukun kam ba ta ma ga fitowarsa ba. Sai ji ta yi ƙwal a tsakar kai, kwalkwali ya yi ƙara kamar an buga murfin tukunya, ta zauna daɓas a ƙasa.

Noel ya yar da takobi ya durƙusa, yana kwance mata kwalkwali.

"Glen, yi magana. Na shiga uku."

Dariya take yi, hawaye na gangarowa. Malam Dermot ya zo ya tsaya a kansu, jar ɗamara a hannunsa.

"Tun daga can na ji wannan a haƙorana," in ji shi. "Tashi ki karɓa, Glenys."

Ta girgiza kai, ta miƙa wa mijinta hannu.

"Ba shi, Malam. Wanda ya kayar da ni shi zai ɗaura min."