Wayoyi Shida a Kan Tabarma

Ya riga ya cire wayoyin fulogin motar duka shida lokacin da na fito da buta a hannu. Bonet ɗin jif ɗin a ɗage, an tokare shi da guntun katako. Baba Mai Jif yana tsaye a kan bulo, rabin jikinsa cikin inji.

"Malam Sakandare, an tashi? Ko har yanzu a kan katifa ake jiran aikin gwamnati?"

"Ina kwana, Baba."

"Lafiya lau. Zo ka ga aiki, ko ka ƙaru."

Na zauna a dakalinmu. Daga nan ma ana gani.

Katangarmu ɗaya da shi. Tsohon ma'aikacin gidan waya ne, jif ɗin kuwa ta girme ni. Layinmu in ruwa ya sauka motar haya ba ta shigowa, daga nan zuwa kwalta taɓo ne da ramuka. Duk mai naƙuda, duk wanda ciwo ya kayar, jif ɗin ce take fitar da shi. Ita ta kai mahaifina asibiti, ita ta dawo da shi a lulluɓe. A cikinta Baba ya koya mini tuƙi, yana zagina. Bai taɓa yarda bakanike ya sa mata hannu ba.

Na sha ganin yadda yake canza fulogi. Ɗaya-ɗaya yake yi. Ya zare waya, ya kwance tsohon fulogi, ya murɗa sabon da yatsu kafin ya sa sifana, ya mayar da wayar, sannan ya taɓa na gaba. Ya ce kowace waya da fuloginta, da kuma raminta a murfin da ke raba wuta. Aka musanya, inji ba zai tashi ba. Amma ranar har wayoyin zai canza, sababbin kuma tsawonsu ya bambanta, idonsa ya daina rabewa daga nesa. Sai ya zare tsofaffin duka, ya jera su a kan tabarma yadda ya ciro su, ya ajiye wa kowace sabuwa a gefenta.

"Baba, ba kai kake cewa ɗaya-ɗaya ba?"

"Ni na ce. Tsarin yana nan." Ya ƙwanƙwasa goshinsa da sifana. "Ga su kuma a jere. Kar dai akuyar uwarka ta taka mini."

Inna, matarsa, ta leƙo daga ƙofa. "Malam, shayin nan fa ya huce."

"Bari in ɗaure na ƙarshe."

Ya ɗaure. Na ji ƙarar sifanar ta faɗa cikin inji. Na ɗauka zai yi tsaki. Sai na ga ƙafarsa ta zame daga bulon, ya sulale a jikin taya ya zauna. Bakinsa ya karkace gefe guda.

Inna ta fito ba takalmi. Ta fizgi tabarmar, ta kakkaɓe ta kamar yadda ake kakkaɓe kowace tabarma, ta shimfiɗa a inuwa. Wayoyin suka watse, tsofaffi da sababbi, wata har cikin kwata. Na gani. Ba lokacin magana ba ne.

Tela da mai shago, maƙwabtanmu, suka kama muka kwantar da shi. Tela ya ruga bakin titi neman mota.

Inna ta cusa mini makulli a hannu. "Kai ka iya tuƙi. Tayar da ita."

"Inna, wayoyin a cire suke."

"To mayar mana."

Na kwashi sababbin, na soka su yadda tsawonsu ya ba ni. Na murɗa makulli. Injin ya yi tari, ya yi shiru. Na musanya biyu. Wannan karon salansa ta buga kamar bindiga, yaran da suka taru suka watse.

Na durƙusa kusa da shi. "Baba, ta farko wane rami take shiga?"

Idonsa ras yake, irin kallon da yake mini in na saki kuloci da gaggawa. Ya buɗe baki, wani sauti ya fito wanda ba magana ba. Hannunsa na hagu ya ɗaga, yana nuna motar.

"So yake a kai shi," in ji mai shago.

Muka tallabe shi zuwa gaban injin, ni ta hammata ɗaya, mai shago ta ɗayar. Nauyinsa ya ba ni mamaki. Ya miƙa yatsa kan murfin. Yatsan yana rawa tsakanin ramuka biyu, ya taɓa wannan, ya taɓa wancan.

"Wannan, Baba? Ko wannan?"

Ya rufe ido. Miyau ya ɗiga a kan fendar motar.

Na ci gaba da gwadawa har batir ya fara nishi, daga baya sai ƙas-ƙas kawai. Tela ya dawo wandonsa duk taɓo, ya ce ya samu mai tasi amma ya rantse ba zai shigo ba. Muka kama kusurwoyin tabarmar, mu huɗu har da wani maƙwabci, muka ɗauke shi zuwa bakin titi. Inna tana biye da takalmansa a hannu. Har muka sha kwana kansa a juye yake wajen jif ɗin.

Kafin la'asar ya rasu. Likita ya ce ko da an zo da wuri babu tabbas. Haka suka ce mana lokacin mahaifina ma.

Mutane suka zo, suka tafi. Bonet ɗin ya zauna a ɗage, ba wanda ya ga damar rufewa. Inna ta tsince wayoyin, har da sababbin da na soka a inji, ta zuba a wani tsohon bokiti a zaure. Kaji suka fara kwana a ƙarƙashin motar.

Wata safiya tela ya same ni a dakali. Ya daɗe yana maganar ruwan sama kafin ya ce, "Ka san mai ɗakina watanta ya kama." Jif ɗin yake kallo.

Na yi sallama a ƙofar Inna, na ce ina son bokitin.

"Ɗauka. Ni ganinsu ma ba na so."

Na ware sababbin gefe. Tsofaffin na riƙa juyawa a hannu. Zafin inji na shekaru ya busar da su, kowace ta sandare a yadda ta kwanta. Wata ta lanƙwashe kamar ƙugiya, wata ta yi gwiwa biyu, wata tana da tabon inda take gogar ƙarfe. Na ɗora guda a kan injin, na bi ta da ita a hankali har ta zauna ba tare da na tilasta mata ba. Bakinta ɗaya ya faɗa kan fulogi, ɗayan ya tsaya daidai kan rami. Na ɗauki ta biyu. Ban yi sauri ba. Da suka zauna duka, na bi su ɗaya-ɗaya ina musanyawa da sababbin, in zare wannan, in sa waccan, sannan in taɓa ta gaba.

Mai shago ya ara mini batir. Murɗawa ɗaya ta tashi. Ba tari, ba rawa.

Inna ta fito da ludayi a hannu, da sauri, ta tsaya a bakin ƙofa. Kujerar direba ta kalla. Ta ga ni ne. Na kai hannu zan kashe.

"Bar ta ta ɗan yi zafi," ta ce. "Ba ya kashe ta da sanyi."

Ta zauna a kan bulon da yake takawa, ludayin a cinyarta. Kajin suka fito daga ƙarƙashin motar suka koma gindin katanga. Katakon da ya tokare bonet ɗin yana ɗan karkarwa.