Goɗiyar Baba Daudu

"Kada ki gaya masa, Mahfuza," in ji Inna Kulu, ta damƙe hannuna a bakin turke.

Ɗan dokin na kwance a ƙasa, gashi ya fito, kofato ya fito, numfashi ne kawai babu. Saura wata guda a haife shi. Uwar sai shinshinarsa take yi.

Katanga ce kawai tsakaninmu da gidan Baba Daudu, mijin Inna Kulu. Duk unguwarmu a Tsaskiya an koma babur, shi kaɗai ya ƙi rabuwa da goɗiyarsa. In mun yi masa tsiya sai ya ce babur bai san mai shi ba. Tun da ciwo ya kwantar da shi bayan girbi, abu ɗaya yake roƙo: Allah ya nuna masa ɗan goɗiyar nan kafin ya tafi.

Malamin dabbobi da ya zo daga Safana ya ce wata ƙwayar cuta ce da ba a cika gani ba. Tana kama uwa kamar mura, ta lafa, daga baya ta kashe ɗan a ciki. Ya tambaya ko wani doki ya raɓe ta. Inna Kulu ta sunkuyar da kai. Da damina wani baƙo ya sauka a gidan da doki mai majina, Baba kuwa ba ya yarda dabbar baƙo ta ci daban. Wuri ɗaya ya zuba musu dusa.

Na shiga wa Baba da kunu.

"Na ji haniniyarta tun safe," ya ce. "Ta haihu?"

Na ajiye kunun a gefensa. Ya daɗe yana kallona.

"Bai zo da rai ba ke nan. Namiji ne?"

"Namiji ne, Baba."

"Wane launi?"

"Ja, da fari a goshi."

"Ƙafafun fa? Faɗa mini duka, 'yar nan, kada ki rage komai."

Na ce dogaye ne, siri-siri, na baya da fari har gwiwa. Ya lumshe ido yana murmushi, ni kuwa hawaye ya hana ni ƙarasawa.

"Kai," ya ce a hankali. "Da wannan ya yi gudu."

Ranar Juma'a da hantsi ya cika. Har yau ina kewar muryarsa ta bayan katanga, yana yi wa dabba hira kamar mutum.

Da maza suka fita da makara, na leƙa turke. Goɗiyar na tsaye shiru, nono na ɗiga daga hantsarta yana jiƙa ƙasa.