Tsumagiyar Ranar Hutu

Ana gab da hutun ƙarshen shekara, na farko tun da aka sauke tutar Ingila, shugaban ɗalibai ya hau dakalin gaban ofis ya karanta labaran zango, kamar yadda aka saba a sakandaren mazan nan ta bayan ganuwar Bauchi. 'Yan ƙwallo sun sha kashi a hannun makarantar horon malamai. Ƙungiyar manoma ta ce gafiya ta cinye rabin gyaɗarta, ba wanda ya tambayi inda ɗaya rabin ya shiga. A muhawara, masu goyon bayan garmar shanu sun kayar da masu fartanya, ko da yake a cikinsu babu mai kanta a tafin hannu. Sai labari na ƙarshe: ranar hutu da hantsi za a yi wasan al'adu a filin ƙwallo, an gayyaci iyaye da manyan gari.

Wannan dabarar Malam Sabitu ce, malamin tarihi, saurayi ɗan birnin Zariya wanda ya yi kwas a Ikko ya dawo da magana ɗaya a baki: yanzu ƙasa ɗaya ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Don a nuna haka, sai ya ce a yi musayar al'ada. Bahaushe zai yi rawar Jarawa, Bajari ya yi dambe. Shaɗi kuwa, Hammajoda ɗan aji uku zai tsaya, tun da shi ne Bafulatani, abokinsa Toma kuma, ɗan Sayawa daga can gaba da Bogoro, shi zai riƙe bulala. In Toma ya yi nasa, sai su juya Hammajoda ya rama. Bulalar ta karan dawa ce, an shafa mata jar ƙasa.

Firinsifal, wani Bature da yara ke kira Mai Lofe, ya sa hannu. Ya taɓa ganin hoton shaɗi a wata mujalla, ya ce abin sha'awa ne.

Mutane na cewa wasa ba faɗa ba ne. Ban san wanda ya fara faɗin haka ba, amma na tabbata ba a ruga ya girma ba.

A gwaji na farko kara ya karye a haƙarƙarin Hammajoda, yara suka kwashe da dariya.

"Ɗan Fillo, ka ji zafi?" in ji Toma. "Ko in kawo maka nono ka farfaɗo?"

"Ɗan dutse, ko kazar gidanku ba ka iya kora da wannan hannun ba."

Gadajensu na kusa da juna tun aji ɗaya. Ran Lahadi Hammajoda ke ɓoye wa Toma tuwonsa har ya dawo daga coci, da azumi Toma ke ɓoye wa Hammajoda nasa. Malam Sabitu ya san haka, shi ya sa ya haɗa su.

Abin da bai sani ba shi ne masu kawo nono kicin ɗin makaranta suna da idanu. Kafin a yi gwaji na uku labari ya kai Miri, inda shanun dangin Hammajoda ke cin karan gonaki bayan girbi. Wata la'asar aka ce yana da baƙo a bakin ƙofa.

Baffa Jalo ne, ƙanen mahaifinsa Buba, wanda ya riƙe shanun gidan tun da uban ya rasu. Bai taɓa son bokon nan ba. Hakimi ne ya sa aka ɗauki yaron tun yana ƙarami, lokacin da faɗar hakimi faɗar Bature ce. Yana tsaye da sanda a kafaɗa, bai shigo ba.

"Na ji an ce kara za a doke ka da shi."

"Wasa ne, Baffa."

"A gaban mutane?"

"Wasa ne kawai, na makaranta."

Baffa Jalo ya daɗe yana duban gajeren wandon kakin da ke jikinsa. "Wanda ya kawo ka nan da ƙarfi, ƙarfinsa ya tafi da tutarsa. Na bar ka ne don mahaifiyarka ta roƙe ni. Za mu zo mu gani. In ɗan kama suka mai da kai, mai ba 'yan birni dariya da abin da ubanka ya zub da jini a kai, to daga filin nan sai bayan shanu. Ba kuma za ka dawo ba."

Hammajoda na son makarantar nan fiye da yadda ya iya faɗa. Shi ne na ɗaya a lissafi, kuma Mai Lofe ya taɓa ce masa yana iya kaiwa jami'ar Ibadan. Ya je wurin Malam Sabitu ya roƙa a cire shaɗi daga wasan. Malam ya dafa kafaɗarsa ya ce tsofaffi haka suke, in sun ga abin da idonsu za su yi alfahari. Kuma an riga an buga tsarin wasan.

Don haka ana gobe hutu, bayan abincin rana, ya ja Toma bayan kicin. Daga cikin rigarsa ya zaro tsumagiyar tsamiya, ɗanya, mai kaurin babban yatsa, ya riga ya shafa mata jar ƙasa.

Toma ya ja da baya. "Ka haukace?"

"Sau ɗaya tak. Da iyakar ƙarfinka. In ka tausaya mini za su gane, ka kashe ni ke nan."

"In na fasa maka jiki fa?"

"Shi nake so."

"Ni kuma in an juya?"

"Da kara zan rama. Ni suka zo kallo, ba kai ba."

Hammajoda ya ɗauka gaskiya ya faɗa, Allah ya sani. Yana ɗan shekara bakwai aka raba shi da ruga. Ya san tsayuwar shaɗi, ya san kirari, ya san ba a ƙifta ido. Sauran dokokin kuwa a can ruga ya baro su, tare da rabin Fulatancinsa.

Ranar hutu fili ya cika. Manyan gari a kan kujeru ƙarƙashin rumfa, Mai Lofe da matarsa a tsakiya, iyaye a tsaye. Can gefen raga, nesa da kowa, Baffa Jalo da samari kamar goma sha, da kitso da sanduna. An yi rawar Jarawa aka yi dariya, an yi dambe aka yi dariya. Su ko murmushi.

Da aka kira shaɗi, mai kalangu ya canza kiɗa. Hammajoda ya tuɓe riga, ya shiga tsakiya, ya ɗaga hannu sama riƙe da ɗan madubi yana duban fuskarsa. Toma ya zagaya shi sau biyu kamar yadda aka koya masa. Ya kai hannu ya fasa, mutane suka yi shewa. Ya sake zagayawa. Sannan ya rufe ido ya sauke.

Ƙarar ba irin ta kara ba ce. Duk wanda ke filin ya ji bambancin. Mai kalangu ya tsaya da kansa.

Farin layi ya fito daga ƙarƙashin hammatar Hammajoda zuwa tsakiyar ƙirji, ya kumbura, sannan ya buɗe. Jini ya gangaro ya shiga bakin wandon kaki. Madubin bai motsa ba. Yaron yana murmushi, har ya ɗaga murya ya yi kirarin ubansa, wanda ba ya cikin abin da aka gwada.

Daga gefen raga samarin suka ɗauki ihu, sanduna sama. Suka matso suka yi da'ira, suna nuna Toma, suna kiran a juya.

Matar Mai Lofe ta sa hankici a baki. Mai Lofe ya miƙe, fuskarsa ja wur, ya fizge tsumagiyar daga hannun Toma ya jefar. Cikin Hausarsa ta jarrabawa ya ce wasa ya ƙare. Ya ce duk ɗalibin da ya sake ɗaga bulala a kan wani, yau ko gobe, a fili ko a ɓoye, ya ɗauki akwatinsa gaba ɗaya. Malam Sabitu na bayansa yana ta cewa, "Kara na ba su, wallahi kara na ba su." Aka kira 'yan amshi su rera sabon taken ƙasa. Suka rera, rabinsu ba su riƙe baitin ba.

A ganin Mai Lofe ya kashe wuta ke nan. Masu ilmi na da wannan hali: in sun hana abu ci gaba, sai su ɗauka ya ƙare.

Bayan an ɗaure wa Hammajoda ƙirji a ɗakin magani, ya tarar da Baffa Jalo a inuwar bango. A karo na farko tsohon ya miƙa masa hannu.

"Ɗan Buba ne kai. Ban yi zato ba. Ka yi karatunka, ko ina zai kai ka, ba zan sake magana ba."

Hammajoda ya sunkuyar da kai don kada a ga idonsa.

"Saura ramuwa."

"Baffa, an hana. Ka ji abin da Bature ya ce."

"Na ji. Shi Baturen ne ya tsaga maka ƙirji?" Baffa Jalo ya gyara sanda. "Yaron nan ba mu ƙi shi ba. Hannunsa bai yi rawa ba, namiji ne. Amma ya shiga fili ya fid da jininmu a gaban garin Bauchi, ya fita da fatarsa lafiya. Ba a taɓa yi ba. In kai ka rama, a gaban idonmu, ɗaya ce, an tashi, ya zama ɗan'uwanka har abada. In ba ka rama ba, ta zama ta kowa."

"Ta kowa kamar yaya?"

Tsohon ya karkata kai wajen samarin. Suna tsugune a gindin maɗacin da ke bakin ƙofa, ɗaya na feƙe reshe da wuƙa.

"Gobe shanu za su tashi, kudu muka nufa. Sun riga sun tambayi masu nono. Sun san inda mota ke ajiye shi, sun san daga nan ƙafa yake bi cikin duwatsu. Ni tsoho ne, bakina ba ya kai can. Kuma su ba su iya ƙirga ɗaya ba in ba dattijo a wurin."

Bayan azahar motar En'e, ta hukumar gargajiya, ta tsaya a bakin ƙofa don ɗaliban kudu. Yara na ta jefa akwatunan ƙarfe da tabarmi, ana ta sai wata shekara. Malam Sabitu na kiran sunaye. Daga barandar ofis Mai Lofe na kallo. Toma ya sa ƙafa ɗaya a kan taya sai ya ji an kama masa riga.

"Sauko."

Ya juyo ya ga bandeji, ya ga tsumagiyar da ke hannun Hammajoda, ya ga samarin sun miƙe daga gindin maɗaci. Toma ba wawa ba ne. A ƙauyensu ma an san abin da ke biyo bayan jinin da ba a biya ba.

"Ka ce da kara."

"Na ce. Ban sani ba."

"In na hau motar fa?"

"Za su tare ka a hanya, ko ba yau ba."

Toma ya dubi baranda. "Ɗan Fillo, yana kallo. Kai ne na ɗaya a lissafi, lissafa mana."

"Na lissafa. Tuɓe rigar."

Malam Sabitu ya taho da sauri. "Hammajoda! Kai, Hammajoda, ka ajiye wannan abin! Ku bari mu zauna a yi magana, ai yanzu duk abu ɗaya muke..." Baffa Jalo ya miƙa sandarsa a gabansa, a hankali, kamar mai tare maraƙi. Malam ya tsaya.

Toma ya cire riga ya miƙa wa wani yaro. Ya ɗaga hannuwa sama ya haɗa yatsu a kan keya.

"Kar ka ƙifta," in ji Hammajoda ƙasa-ƙasa. "Dubi wani abu guda, kar ka sauke ido."

"Yi ka gama, makiyayin banza."

Ya san in ya rage ƙarfi ba za ta karɓu ba, don haka bai rage ba. Tsumagiyar ta naɗe haƙarƙarin Toma, bandejin Hammajoda kansa ya jiƙe saboda yunƙurin. Toma ya yi tangaɗi, amma bai faɗi ba. Wani sauti ya taso masa a maƙogwaro, ya haɗiye.

Ba wanda ya yi ihu a wannan karon. Baffa Jalo ya matso ya duba shatar, ya gyaɗa kai. Mai feƙe reshe ya jefa shi cikin kwata, samarin suka saɓa sanduna suka kama hanyar Miri.

Yara suka ɗaga Toma suka sa shi a mota. Ya zauna a kan akwatinsa a miƙe, ba halin jingina, rigar a cinyarsa. Ya buɗe baki zai yi magana direba ya ta da inji.

Mai Lofe bai sauko daga baranda ba. Ya cire lofen daga bakinsa, ya kira masinja, ya ce a je ɗakin kwanan 'yan aji uku a fito da akwatin Hammajoda, a karɓe littattafan makaranta, bargo ma na makaranta ne.