Jar Fitila a Bayan Keken Baba

Ka gan shi. Kada ka ce mini ba ka gan shi ba. Ka ga wani baƙin abu a gefen titi bayan magariba, ka kauce masa da ƙyar, ka ja tsaki, ka ce masu keken nan ba sa son ransu, sannan ka ƙara sautin rediyo. Wannan baƙin abin mahaifina ne, Malam Lawwali. Shekarunsa sittin da uku, gadi yake yi a wani gida a GRA. Kullum idan an sallame magariba yakan fito da kekensa daga gidanmu da ke Ƙofar 'Yandaka ya kama hanya, ba ya dawowa sai gari ya waye.

Shekara goma sha huɗu su biyu suke wannan tafiya, shi da amininsa Baba Garba, wanda yake gadi a layin da ke bayan nasu. Baba a gaba, Baba Garba a baya, suna hira da ƙarfi don kowa ya ji ɗan'uwansa. Wata uku da suka wuce wata mota ta kwashe Baba Garba ta baya, a wurin da fitilun titi suka daɗe da mutuwa. Direban ya tsaya, ya fito yana kuka yana rantsuwa bai ga kowa ba. Na yarda da shi, kuma abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Aka yi jana'iza, aka karɓi gaisuwa, kowa ya ce kwana ya ƙare. Ban musa ba. Amma ko mutum ɗaya bai tambayi yadda aka yi babban mutum a kan keke ya zama ba a ganinsa ba.

Tun daga ranar Baba ya rage magana. Mu biyu ne a gidan tun rasuwar Inna. Idan ya fito da keken yakan ɗan tsaya a ƙofar gida yana duban lungun da Baba Garba ya saba ɓullowa, sai ya tuna, ya hau ya tafi shi kaɗai.

Sunana Ummusalma, kimiyya nake koyarwa a wata sakandaren 'yan mata. Na yi maganar a ofishin malamai, na ce mu da muke koyar da darasin haske ya kamata mu faɗa wa masu keke wani abu. Aka ce Allah ya kiyaye gaba, aka koma hirar ƙwallo. Sai na ce to bari in fara da wanda yake cikin gidana.

Tocilar Baba tsohuwa ce, haskenta ya yi ja kamar na aci-bal-bal. Ranar Asabar na ari ƙaramin sikelin ɗakin gwajin makarantarmu, na sa a jaka na tafi wurin Abbas mai kayan wuta, wajen Ƙofar Marusa.

Abbas yana da hanyarsa ta sayar da tocila. Sai ya kunna ta da rana tsaka, ya dalla a rufin shagon, ya ce ka duba.

"Malama, kalli nan! Wannan ko a can garin Batagarawa aka kunna sai kin gani daga nan."

"Na gani. Minti nawa take yi a haka?"

"Kwana uku cur."

"Abbas, ka ji tsoron Allah."

"To, kwana biyu."

Na ce ya kawo batura masu caji. Ya zube mini kala huɗu, ya tura mini waɗanda aka rubuta wa lamba mafi girma a jiki, wai su ne zakaru. Na fito da sikeli na ɗora su ɗaya bayan ɗaya. Ya tsaya yana kallona baki buɗe.

"Ikon Allah! Batir kika zo saye ko gwal?"

"Wannan zakaran naka nauyinsa bai kai rabin na wancan ba. Rubutun kyauta ne, kowa zai iya buga shi. Abin da ke ciki shi ne ba ya ƙarya. Ɗauki ka ji."

Ya auna su a tafin hannunsa, ɗaya dama ɗaya hagu. Ya yi dariya ya sosa ƙeya.

"Wallahi haka aka kawo mana su. Kuma su mutane suke so, in ka ba su mai nauyin sai su ce lambarsa ƙarama ce."

Na bar masa mai dallo rufi. Na zaɓi wata matsakaiciya mai jikin ƙarfe, wadda ake buɗe gindinta a canja batir, mai haske hawa uku. Na ɗauki batura masu nauyi guda huɗu da abin cajinsu, biyu a aiki, biyu suna jiran wuta duk lokacin da aka kawo ta. A gida na yanko roba daga tsohon tiyub, na ɗaure tocilar tam a hannun keken, na sunkuyar da kanta kaɗan. Baba ya duba, ya ce Allah ya yi albarka. A daren na yi barcin da na daɗe ban yi ba.

Bayan kwana shida na cire baturan don in canja. Kafin in sa su a caji na gwada su da mitar awon wuta, don in san ko Abbas ya cuce ni. A cike suke. Kamar ba a taɓa su ba. Na fara murna, na ce na dace da kaya. Sai na zauna na yi tunani. Tafiyar minti arba'in a cikin duhu, sau shida. Babu batirin da zai yi wannan aikin ya fito a cike.

Da magariba na raka shi ƙofar gida kamar kullum. Ya kunna tocilar a gabana, ya hau. Maimakon in koma ciki, sai na ja mayafina na bi shi a ƙafa har bakin titi. Ina ganin hasken yana lilo a ƙasa. Yana kaiwa daidai masallacin unguwa, inda dattawa suke zaune a kan tabarma suna jiran isha, hasken ya ɗauke. Na ji muryarsa yana sallama, suna amsawa. Na jira ya sake kunnawa. Ya kunna na ɗan lokaci, wasu mata biyu suka taho ta gabansa, ya sake kashewa. Daga nan ban ƙara ganinsa ba. Farar rigarsa ma duhu ya haɗiye ta. Wata mota ta wuce ni da gudu ta bi bayansa, na tsaya ina sauraro har ƙararta ta ɓace.

Na koma gida na zauna a tsakar gida. Ban ci tuwon ba.

Da safe ya dawo, na kawo masa koko da ƙosai. Na bari ya yi kurɓa biyu.

"Baba, kashe tocilar kake yi."

Bai ɗago ba. "Wa ya ce miki?"

"Baturan ne suka faɗa. Kuma jiya na bi ka."

"Au, gadina kika koma yi? Ni da nake gadin mutane?"

"Baba, don Allah. Mi ya sa?"

Ya ajiye kofin. "Uwata, tocilar nan taki ta yi ƙarfi. Ki ce in dalla wa Liman ita a fuska? In dalla wa matan mutane? Ni ba a yi mini tarbiyya haka ba."

"Na sunkuyar da ita ƙasa."

"Keke yana tsalle, hasken yana tsalle. Ke ba ki san aikin ba. Shekara talatin ina riƙe da tocila. Duk wanda na haska wa fuska, tuhumarsa nake yi. Shi ma ya san haka. Mutanen da nake wucewa ba ɓarayi ba ne, maƙwabtana ne."

"To mota fa?"

"Ina ganin mota. Tana da fitila."

"Ita ce ba ta ganinka, Baba!"

Na ɗaga murya, abin da ban taɓa yi masa ba. Ya dube ni. Sannan ya ce, a hankali, "Tocilar Garba ma a kashe take a daren da motar ta kwashe shi. Mun wuce wasu mutane ne suna dawowa daga ta'aziyya. Ni na fara kashewa, shi ma ya kashe." Ya ture ƙosan gefe. "Da na ɗauko ta a kwalbati na danna, sai ta kama."

Wata uku yana ɗauke da wannan shi kaɗai. Ya tashi ya shiga ɗaki ya kwanta, ni kuma na zauna da baturana huɗu masu nauyi da ba su amfana mini komai ba. Na auna komai, ban da mutumin da zai riƙe tocilar. Kuma ko a kunne take, gaba take haskawa. Baba Garba ta baya aka same shi.

Da rana ta yi na koma wurin Abbas, na ce ina son jar fitila ta bayan keke.

"Babu. Wa zai saya? Mutum ya sayi fitilar da ba za ta nuna masa hanya ba?"

"Ba ni mafi ƙanƙantar tocilar da batirin nan yake shiga."

"Yau ba sikeli?"

"Yau ba sikeli."

A gida na samo jan murfin robar man shafawa, na yanke shi daidai bakin tocilar, na manna, na naɗe gefen da salatif. Na ɗaure ta a ƙarƙashin kariyar keken, wurin ɗora kaya, tana kallon baya. Na sa ta a hawa mafi ƙanƙanta.

Da ya fito bayan magariba ya tarar da ita a kunne.

"Wannan kuma mine ne? Keke ne ko motar asibiti? Yara za su bi ni."

"Su bi ka. In sun bi ka sun gan ka ke nan. Ta gaba ka kashe duk inda ka ga dama, na haƙura. Wannan ba ta kallon fuskar kowa. Duk wanda ya gan ta, ka riga ka wuce shi."

Ya jingine keken a bango, ya koma baya taku goma, ya tsaya. Ya durƙusa daidai tsayin mutumin da ke zaune a tabarma, ya ƙura mata ido. Ya ƙara matsawa baya har bakin lungu, inda Baba Garba ya saba ɓullowa. Ya daɗe a can.

"Ba ta kashe ido," ya ce da ya dawo. Ya taɓa robar ya ji ƙarfin ɗaurin. "Da Garba..." Bai ƙarasa ba. Ya hau keken.

Na bi shi har bakin titi. A masallaci farar ta ɗauke kamar kullum, na ji sallamarsa. Jar ta ci gaba da tafiya. Wata mota ta taho, tun daga nesa na ga ta ja hagu ta ba shi wuri. Na tsaya ina kallon ɗigon nan yana ƙanƙancewa har ya sha kwana.

Ban koma gida nan take ba. Na tsaya ina kallon masu keken da suke wucewa a wannan hanya: masu gadi, masu shayi, leburori masu komawa ƙauye. Sun fi ashirin kafin a kira isha. Ja guda ɗaya ce a titin, kuma ta riga ta tafi.

Kai da kake karanta wannan, ka san ɗaya daga cikinsu. Shi yake buɗe maka get, ko shi yake kawo maka ruwa. Kada ka ce Allah ya kiyaye ka rufe shafin. Gobe ka je ka sayi ƙaramar tocila da batir mai nauyi, ka samo jan murfi da robar tiyub. Kada ka ba shi a hannu. Ka durƙusa da kanka ka ɗaure masa a bayan kekensa, ka kunna, kafin a kira magariba.